Ƙarin fitilar da na ɗaura wa Hilux tana kamawa a dim, tana mutuwa a ful

Mai Hilux, Jalingo:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wayarin mota a cikin wannan zaure. Ina da Hilux ƙirar 2012, kuma sana'ar sayen masara da wake tana kai ni Bali da Serti, wani lokaci har in hau Mambila zuwa Gembu, galibi kuwa dare yakan riske ni a hanyoyin ƙauye da ba su da kwalta. Makon jiya na sayi doguwar fitilar LED wadda aka rubuta wat 240 a kwalinta, da wasu ƙanana guda biyu, na kai wa wani mai wayarin ya ɗaura babbar a kan kariyar sama, ƙananan kuma a kan bamba. Na ce masa ina so babbar ta riƙa kamawa tare da ful.

To, abin ya zo a juye. Idan ina dim sai babbar ta kama, da na ɗaga zuwa ful sai ta mutu. Na koma wurinsa ya ce rilen ne jabu, wato ɗan akwatin nan da ƙaramar wuta take ja ya sakar wa fitila babbar wuta, ya sa wani sabo, amma ba ta canja zani ba. Su kuma ƙananan ya jona su da wutar fakin, kuma sau biyu ke nan fis yana ƙonewa. Na biyun a hawan da ke tsakanin Mayo Selbe da Maisamari ya faru, na ga ƙananan sun ɗauke tare da wutar dashbod, ban kawo komai a raina ba, sai da wani mai babur ya cim mini ya ce jajayen fitilun bayana duk a mace suke, a cikin hazo kuwa. Yanzu mutumin ya ce in kawo ya sa mini fis mai amfiya 30 a huta. Shin in yarda?

Mai Wayarin, Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yarda a sa wannan fis ɗin, ko da kyauta ne. Fis ɗin wutar fakin yawanci ja ne, mai amfiya 10, kuma wayoyin da ke bayansa sirara ne daidai da wannan nauyi. Idan aka cire shi aka sa kore mai 30, nauyin da yake ƙona fis ɗin yana nan daram, sai dai yanzu wayar ce za ta ɗauki zafin a cikin damin wayoyin da ke bayan dashbod, inda ba mai gani sai an ji ƙauri.

Batun juyewar babbar fitila kuwa, rilenka lafiyarsa lau, mai aikin ne bai auna ba. Yawancin motoci wutar layif, wato mai zuwa daga batir, ake aika wa ƙwan fitila idan an ɗaga ful, ƙafa ɗaya kuma tana haɗe da bodi koyaushe. Toyota da yawa na wancan zamani, Hilux da Land Cruiser masu ƙwan H4, wato mai ƙafa uku da yake ba da dim da ful, ba haka suke ba. Da zarar ka kunna fitila, layif yana zaune a ƙafa ɗaya ko kana dim ko kana ful, abin da makunnin sitiyari yake yi shi ne ya ba ƙafar dim ko ƙafar ful at, wato ya haɗa ta da bodi. Saboda haka lokacin da kake dim, wayar ful ba ta da at, kuma wuta tana ratsowa ta cikin silin ƙwan ta zauna a kanta, wadda ta isa ta ja rile. Da ka ɗaga ful sai wayar ta koma at, rile ya saki. Abin da ka gani ke nan.

Gyaran ba shi da wuya. A kan soket ɗin ƙwan, ba tare da an zare shi ba, a auna ƙafafu ukun da mita, baƙar wayar mita tana kan bodi. Ƙafar da ta nuna bolt 12 a dim da ful duka, ita ce ta layif. Wadda ta nuna 12 a dim ta faɗi kusan sifili a ful, ita ce ta ful. Sai a kai ƙafar rile mai lamba 86 ga ta layif ɗin, a kai 85 ga ta ful ta cikin makunnin da za ka sa a dashbod. Ƙafa ta 30 daga batir take zuwa ta cikin fis, 87 kuma ita ke tafiya ga fitila. Duk da na faɗi haka, a auna tukuna, domin idan aka tarar da ƙafa ɗaya tana sifili a kowane hali, to motar irin ta gama-gari ce, kuma wani abin ne daban yake damunta.

Injiniya, Zariya:
Bayanin Oga ya gamsar, abin da zan ƙara shi ne lissafin waya, wanda nan ne ake yawan yin ganganci. Idan aka raba wat da bolt ana samun amfiya, don haka fitilar da take wat 240 da gaske za ta ja amfiya 20 a kan bolt 12. Irin wannan tana son waya mai kaurin murabba'in milimita 4 da fis mai 25 ko 30. Amma abin da ake rubutawa a kwalin fitilun kasuwa sau da yawa ya fi abin da suke ja nesa ba kusa ba, shi ya sa nake so a auna kafin a sayi waya. A lura cewa ƙaramar mitar da aka saba gani amfiya 10 ce iyakarta, gara a nemi mai baki irin na ƙaguwa wadda take maƙale waya, kuma a tabbata tana auna wutar batir, ba wutar gida kaɗai ba.

Tsawon waya ma yana da tasa rawar. Daga batir zuwa kariyar sama, idan aka bi ta gefen gilashi aka haɗa da dawowar at, ba wuya a ci mita 6. Wayar jan ƙarfe mai milimita 1 a wannan tsawo, tana ɗauke da amfiya 15, za ta cinye kusan bolt 1.6 a hanya, kuma duk wannan zafi yake zama a jikin wayar. Mai milimita 2.5 za ta ci wajen 0.6, mai milimita 4 kuwa wajen 0.4 kawai. Alhaji, idan wayar da ta zo a cikin kwalin ce aka yi amfani da ita, ka sa a yanke ɗan guntu a kankare silin da wuƙa. Idan ja ne har ciki, jan ƙarfe ne. Idan fari ya bayyana, alminiyam ne aka shafa wa ja a sama, kuma bai kai jan ƙarfe ɗaukar wuta ba, ga shi da saurin karyewa a inda mota take jijjiga.

Sai kuma in tambaya: a ina mutumin ya sa fis ɗin babbar fitilar?

Mai Hilux, Jalingo:
Na gode, Oga da Injiniya. Yanzu na je na buɗe bonet na duba. Jar waya ta tashi daga kan batir, ta bi ta bayan injin, ta shiga cikin mota ta wata huda da ya yi a jikin ƙarfe, kuma fis ɗin yana can ƙarƙashin sitiyari, ya ce don ya yi mini sauƙin canjawa. Hudar babu roba a bakinta, baƙin salatif kawai ya naɗa wa wayar.

Injiniya, Zariya:
To wannan ya fi juyewar fitilar haɗari, Alhaji. Fis waya yake tsaro, kuma abin da ke bayansa kaɗai yake iya tsarewa. Duk wayar da ke tsakanin batir da ƙarƙashin sitiyarinka a yanzu ba ta da mai tsaro, kuma a nan ne ta ratsa bakin ƙarfe mai kaifi. Ranar da gargada ta sa ƙarfen ya cinye salatif da robar wayar, batir zai zuba ɗaruruwan amfiya a wurin, wayar ta yi jawur cikin daƙiƙoƙi, fis ɗinka kuwa yana zaune lafiya bai san abin da ake ciki ba. A mayar da shi kusa da kan batir, kada ya wuce taƙi ɗaya. Rilen ma a ɗaure shi a ɗakin injin, ƙafafunsa suna kallon ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki, ta yadda babbar waya ba za ta shiga cikin mota ba sam. Siraran wayoyin makunni ne kawai za su shiga, abin da suke ɗauka bai kai rubu'in amfiya ba, kuma su bi ta robar da kamfani ya riga ya sa. Kafin a taɓa komai a cire kan batir na at, kuma duk wayar da aka gani cikin rawayan soket ko rawayan rufi a bar ta, ta jakar iskar da take fitowa idan an yi haɗari ce.

Baba Direba, Potiskum:
Ni ban san lissafinku na amfiya ba, amma na yi shekaru ina jan babbar mota tsakanin Kano da Maiduguri, kuma ina da ƙorafi a kan masu waɗannan fitilu. Mutum ya taho maka da wata farar wuta a saman mota kamar walda, ka ba shi dim ya ƙi saukewa, ka rasa gefen titi, ka rasa mai keke ko saniyar da ke gabanka. Bayan ya wuce ma sai ka yi tafiya kana ganin duhu-duhu. Ƙa'idar tuƙi ta ce idan ka hango mota ka sauke wuta, kuma ba a ce ban da wutar da ka saya da kuɗinka ba. Ɗana mai Hilux, idan ka ce a dim fitilar take kamawa, to ka san mako guda ke nan duk wanda ka sauke wa wuta don ladabi, makantar da shi ka yi.

Mai Hilux, Jalingo:
Wallahi gaskiya ne, Baba, kuma abin ya dame ni. Tun kwana na biyu na zare fis ɗinta na ajiye a aljihun mota.

Ɗan Agadas:
Gaisuwa ga Baba da sauran 'yan'uwa. Ni kat-kat nake ja, Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, tsakanin Agadas da Arlit da kuma cikin daji, kuma ban yarda a ɗaure ƙarin fitila da ful ba. A cikin rairayi akwai lokacin da nake son babbar fitila ita kaɗai, akwai lokacin da mota ta kafe muna haƙa muna sa faranti a ƙarƙashin taya, ina son haske ba tare da na kunna komai na gaba ba. Makunni mai zaman kansa ya fi mini, direba mai hankali ai ya san lokacin kashewa.

Abu na biyu, Elhaji, kariyar sama ba wurin fitila ba ne ga mai shiga ƙura. Na taɓa ɗaura tawa a can, daren farko da muka bi bayan wata kamiyo sai na ga kamar an rataya mini farin zane a gaban gilashi, ga bonet yana ƙyalli yana dukan ido. Da na sauko da ita kan ƙarfen gaba sai na samu sauƙi. Kuma ina jan kunnen masu tsofaffin Land Cruiser na gazuwal da manyan motoci: wasunsu bolt 24 ne. Fitilun LED da yawa suna karɓar 12 da 24 duka, amma rile mai 12 ƙonewa zai yi. Ganin batir biyu ba ya nuna ko wanne ne, sai an sa mita.

Mai Wayarin, Ƙofar Ruwa:
Ɗan'uwa na Agadas, maganarka ta bolt 24 da ta ƙura duk na karɓa, amma ta makunni ban karɓa ba. Kai a Tenere kake, inda za ka yi awa ba ka haɗu da kowa ba. Alhaji kuwa hanyar Mambila yake hawa, kwana a kan kwana, mota tana fito maka ba zato. A wannan lokaci hannu ɗaya yana kan sitiyari, ɗaya yana kan giya, babu wanda zai tsaya laluben wani makunni a dashbod. Idan an haɗa da ful, yatsa ɗaya ya taɓa sandar sitiyari komai ya sauka tare. Hankalin direba ba ya ƙara masa hannu na uku. A Ostareliya, inda ake ɗaura wa irin waɗannan motoci fitilu sosai, da ƙasashen Turai, doka ce ƙarin fitilar nesa ta mutu da zarar an sauke ful, kuma ba don ba su da direbobi masu hankali ba ne.

Idan dai sai an yi maka yadda kake so, akwai makunni mai matsayi uku. Ƙafar tsakiya ta tafi 85, gefe ɗaya ya tafi wayar ful, ɗaya gefen ya tafi bodi. Sama tana bin ful, tsakiya a kashe, ƙasa tana ci ko kana dim. Amma na sha yi wa mutane haka, bayan wata guda in gan su a cikin gari makunnin yana ƙasa. Hasken haƙa rairayi kuwa, wannan aikin ƙaramar fitila ce ta gefe ko ta baya mai layinta daban.

Ɗan Agadas:
Na yarda da mai matsayi ukun, shi zan sa. Amma ka ce wa masu shiga gari da ita a kunne su ji tsoron Allah, ba laifin makunni ba ne.

Injiniya, Zariya:
Mu koma kan ƙananan, domin su ne za su fi yi wa Alhaji amfani a hazon Mambila. Su ma a ba su rilensu da fis ɗinsu daga batir, wutar fakin ta zama mai jan rilen kawai, nauyin da za ta ƙara bai taka kara ya karya ba. A ɗaura su ƙasa gwargwadon yadda duwatsun hanya za su bari, a karkata su kaɗan zuwa ƙasa, domin hazo da ƙura suna mayar da haske ne zuwa inda ya fito, kuma duk fitilar da take kusa da tsayin idon direba, idonsa za ta dawo wa. A cikin hazo mai kauri babbar fitila da ful duk kashe su ake yi. A kuma kula kada a jera fitilu a gaban lagireto su tare masa iska, musamman ga motar da take hawan dutse da lodi.

Game da launi, mutane suna cewa rawaya tana huda hazo. A gaskiya ɗigon ruwan hazo ya yi girman da yake watsa kowane launi kusan daidai. Abin da yake faruwa shi ne farar LED mai shuɗi-shuɗi ta fi gajiyar da ido idan ta dawo, rawaya kuwa ta fi sauƙin kallo.

Ɗan Agadas:
Injiniya, ko hudawa take yi ko ba hudawa ba, ni dai da rawaya nake ganin sawun taya a cikin ƙura, da fara kuwa ba na gani. Sunan da za ku ba abin ku ya dama.

Hajiya Mai Gona, Funtuwa:
Ina bin wannan bayani da kyau domin motar gonarmu ma an sa mata irin wannan fitila. Tambayata biyu ce. Tun da aka sa ta, idan an kunna sai rediyo ya kama shiiii har ba a jin labarai. Sannan yaran sun taɓa barinta a kunne suna loda buhuna da dare, injin a kashe, da aka gama mota ta ƙi tashi sai da aka tura.

Injiniya, Zariya:
Hajiya, ƙarar rediyon daga cikin fitilar take. Kowace LED tana da ɗan allon da yake daidaita mata wuta ta hanyar yankewa da haɗawa da sauri ƙwarai, kuma masu araha ba a sa musu abin tace wannan hayaniya. A raba wayar fitilar da wayar eriya, a gajarta wayar at a ɗaure ta a ƙarfen da aka kankare fenti, a kuma maƙala wa wayar irin zoben nan baƙi da ake gani a jikin wayar cajar kwamfuta, kusa da fitilar. Wani lokaci yana raguwa, wani lokaci kuwa sai an canja fitilar. Batun batir kuma lissafi ne: fitila mai jan amfiya 15 idan ta yi awa biyu ta sha amfiya-awa 30 daga batirin da duka-duka bai fi 70 zuwa 90 ba idan yana sabo, kuma batirin tayar da mota ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi haka ba. Idan za a yi lodi da ita, a bar injin yana aiki.

Mai Wayarin, Ƙofar Ruwa:
Saura haɗin wayoyi, Alhaji, tunda kana ƙetare rafuka da damina. Kada a murɗa waya da hannu a naɗe da salatif, zafin injin yana narkar da gam ɗinsa ya warware. A sa kan waya a matse da abin matsewa na gaskiya, a rufe da robar nan da take tsukewa idan ta ji wuta, sannan a zura wayoyin cikin baƙin bututu mai gammo-gammo, a ɗaure duk bayan taƙi biyu, nesa da bakin salansa da belin fanka. Injiniya zai ce dalma tana sa waya ta yi tauri ta karye a gargada, kuma haka ne, amma idan abin da mai aikinka yake da shi filaya ce kawai, gara ya yi dalma mai kyau ya ɗaure wayar ta gefe biyu. Lambar IP67 da ke kwali tana nufin ƙura ba ta shiga kuma fitilar tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30, amma jikin fitilar ake nufi, ba haɗin da aka yi mata a bayan bamba ba.

Mai Hilux, Jalingo:
Jama'a, na dawo da bayani. Na kai motar wurin wani mai wayarin daban, na karanta masa abin da kuka rubuta, muka auna tare. Ƙafa ɗaya ta nuna 12 a dim da ful, ta ful kuwa ta faɗi ƙasa da bolt 1 da na ɗaga, daidai yadda Oga ya ce. Da muka maƙala mita a wayar babbar fitilar, injin yana aiki, amfiya 9 da ɗan ɗori ta nuna, wato wat 240 ɗin nan bai wuce 130 ba. Wayar kwalin kuwa da aka kankare ta fara ce fat a ciki, mun zubar da ita mun sa ta jan ƙarfe mai milimita 2.5 da shuɗin fis mai 15 a gefen batir. Da muka zaro tsohuwar jar wayar daga hudar nan, sai ga robarta ta riga ta ciwu har ana hango silin, mako ɗaya kacal.

Babbar mun sauko da ita kan ƙarfen gaba, a saman lambar mota inda ba ta tare lagireto ba, kuma yanzu tana bin ful. Ƙananan suna da rilensu, na sa musu rawayan murfi. Jiya da dare na tsaya a fili na sa yarona ya zauna a mota, ni kuma na taka kamar mita 50 na juyo na tsuguna daidai tsayin mai ƙaramar mota, ya yi ta ɗagawa yana saukewa. Na hagun ƙananan ta ɗan ɗaga kai tana dukan ido, gobe za a sassauta notin a sunkuyar da ita kafin in kama hanyar Serti.

Baba Direba, Potiskum:
Madalla, ɗana. Idan an sunkuyar da ita a sa washa mai tsini a ƙarƙashin notin, in ba haka ba kafin ka kai Bali gargada ta sake ɗaga ta. Allah ya kiyaye hanya.